Daga Wagadugu Zuwa Chasselay: Makomar Sojan Ƙasa

Dokar da Faransa ta kafa a 1919 ta tilasta wa samarin Afirka ta Yamma aikin soja na shekara uku, ana zaɓen su ta hanyar ƙuri'a, kuma ƙasar Mosi, wadda Wagadugu ke tsakiyarta, tana cikin wuraren da aka fi kwasar mutane. Saurayin da ƙuri'a ta faɗa kansa, ko manomi ne ko ɗan dako a kasuwar Wagadugu da yau ake kira Rood Woko, kusa da tsohon zangon Hausawa, yakan shiga rundunar Tirailleurs Sénégalais, wato 'yan bindigar Senegal, sunan da aka laƙaba wa sojojin ƙasa baƙar fata ko da ba su taɓa ganin Senegal ba.

Abin da ya sami irin wannan soja a watan Yuni na 1940, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, ya fi komai ciwo. A Chasselay, kusa da birnin Lyon, bayan da harsashi ya ƙare wa sojojin runduna ta 25 ta Tirailleurs Sénégalais suka miƙa wuya, Jamusawa sun ware baƙaƙe daga hafsoshinsu Turawa, suka kora su cikin fili, sannan suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Maƙabartar da aka gina a wurin a 1942, mai jar katanga irin ginin yankin Sudan na Afirka ta Yamma, tana ɗauke da gawawwakin sojojin Afirka ta Yamma 188, kuma da yawa daga cikin kaburburan ba su da suna.