Yadda Ake Zaɓar Kyamarar DSLR Mai Sauƙin Kuɗi

A wannan makon mu 'yan kulob ɗin jarida mun kawo muku bayani a kan kyamara. Kowa ya san cewa mujallar bangon nan rubutu ya fi yawa a cikinta, hotuna kaɗan ne. Ana yin gasar wasanni, ana kacici-kacici, ana walimar ɗalibai masu fita, amma idan shekara ta juyo babu abin da za mu nuna wa na baya. Ba a yarda mu zo makaranta da waya ba, don haka kulob yana bukatar kyamararsa. Kuɗin da ake tarawa ba yawa gare su ba, kuma idan aka sayi marar kyau ba za mu sami na sayen wata ba. Shi ya sa ya kamata mu san abin da za a duba tun kafin a je kasuwa.

Mece ce DSLR?

Ita ce babbar kyamarar nan baƙa da masu hoton biki suke ratayawa a wuya. Kashi biyu ce: akwai jiki, akwai gilashin gaba wanda ake iya cirewa a sa wani. A cikin jikin akwai ɗan madubi. Haske yana shigowa ta gilashi, madubin ya tura shi sama zuwa ramin da ake sa ido. Idan aka danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, wani ɗan labule ya buɗe ya rufe da sauri, hasken ya faɗa kan allon da ke kama hoto. Ƙarar nan ta “kyas” da muke ji daga nan take fitowa. Allon ya fi na waya girma nesa ba kusa ba, shi ya sa hotonta ya fi fitowa ko da a aji ne mai duhu.

Asalin wannan ilimi tsoho ne. Wani malami, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda ya zana hoton waje a bango, kai a ƙasa. Mu 'yan ƙasar 'Yandoto, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, bai kamata ilimi irin wannan ya zama baƙo a wurinmu ba.

Sabuwa ko ta hannu?

Kamfanoni biyu ne suka fi yawa a hannun masu hoto a nan, Canon da Nikon, dukkansu na ƙasar Japan. Tun daga 2018 suka mai da hankali kan sabuwar kyamara marar madubi. Wannan ya sa mutane da yawa suna sayar da DSLR ɗinsu, kuɗin ta hannu ya sauka. Ga waɗanda aka yi don masu koyo:

Canon 1100D, ta 2011, megafiksel 12.
Canon 600D, ta 2011, megafiksel 18, allon bayanta yana juyawa.
Canon 1300D, ta 2016, megafiksel 18, tana iya tura hoto zuwa waya.
Nikon D3100, ta 2010, megafiksel 14.
Nikon D3300, ta 2014, megafiksel 24.
Nikon D3500, ta 2018, megafiksel 24, batirinta yana iya ɗaukar hoto fiye da 1,500 kafin a sake caji.

Mai shago zai ce mana a sayi mai megafiksel da yawa. Amma hoton da zai cika takardar A4 tsaf bai bukatar fiye da megafiksel 9. Ke nan ko mai 12 ta ishi bangonmu. Gara mu sayi tsohon jiki mai lafiya, ragowar kuɗin mu sa a gilashi, domin gilashi shi ne idon kyamara.

Gilashi

A jikin kowane gilashi akwai lambobi iri biyu. Ta farko tana da “mm”. Ƙaramar lamba, kamar 18, tana ɗauko wuri mai faɗi, misali dukan filin asambali. Babbar lamba, kamar 200, tana jawo abu mai nisa kusa. Lamba ta biyu tana da “f”, ita ce faɗin ƙofar haske. Abin mamaki, idan lambar ta yi ƙanƙanta ƙofar ta fi faɗi. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai f/5.6.

Gilashin 18-55mm shi ne ake haɗawa da kyamara tun daga kamfani. Ya isa hoton aji, na taro da na gini. Da shi ya kamata mu fara.

Gilashin 50mm f/1.8 yana cikin mafi araha. Ba ya matsowa ba ya ja da baya, sai mai hoto ya taka da ƙafarsa. Yana fito da fuska tangaran, bayanta ya yi dishi-dishi. Shi ya dace da hoton gwarzon ɗalibi, ko lokacin da babu wutar NEPA a zaure. Amma a ƙaramin aji ba zai ɗauki kowa da kowa ba.

Gilashin 55-250mm na Canon ko 55-200mm na Nikon na nesa ne. Da shi ake ɗaukar masu tsere a ƙarshen fili, ko saman dutsen Kwatarkwashi daga ƙasa. Wannan zai iya jira sai wata shekara.

A kula: gilashin Canon ba ya hawa kan Nikon, na Nikon ma ba ya hawa kan Canon, domin bakinsu ba ɗaya ba ne. Ko a cikin Nikon ɗin, waɗannan ƙananan ba da kowane gilashi suke saita hoto da kansu ba, amma dukkansu suna yi da mai rubutun AF-S. A Canon kuwa a nemi mai rubutun EF ko EF-S.

Abin dubawa kafin a biya

Na ɗaya, adadin hoton da ta taɓa ɗauka. Labulen irin waɗannan kyamarori an yi shi ne ya kai wajen hoto 100,000. Ana iya ganin adadin a kwamfuta. Wadda ta daɗe tana aikin biki za ta iya kusa gajiya ko da jikinta yana sheƙi.

Na biyu, a ɗaga gilashi a hasken rana a leƙa cikinsa. Idan an ga abu kamar yanar gizo, fumfuna ce, a bar shi.

Na uku, a ɗauki hoton farin bango a f/22, a faɗaɗa shi. Ɗigo-ɗigo baƙi alamar ƙura ce a kan allo. Ana iya goge ta, amma a nemi ragi.

Na huɗu, a tabbatar akwai batir, caja da katin memori, a kuma karɓi rasit. Ko a Gusau aka saya ko a Kano, a tafi da wanda ya san aikin hoto. Kada a tura kuɗi ga wanda aka gani a Facebook ba a riƙe kayan ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Idan ta zo hannu

Babban abokin gabar kyamara a ƙasarmu shi ne ƙurar hunturu. Kada a cire gilashi a fili ana iska. A shiga ɗaki, a juya bakin kyamarar ƙasa, a sauya da sauri. Kada a goge gilashi da bakin riga ko hijabi, akwai ƙyallensa na musamman. Da damina a ajiye ta wuri busasshe tare da ƙananan ƙunshin shan danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Akwai kuma ladabi. Ba a ɗaukar mutum hoto sai ya yarda, musamman mata da dattawa. Saboda halin tsaro da muke ciki a hanyar Tsafe da kewaye, kada ɗalibi ya ɗauki hoton jami'an tsaro ko shingen bincike, kuma kada a fita da kyamara waje sai tare da malami.

Shawararmu ga malamin da ke kula da kulob da ƙungiyar iyaye da malamai ita ce a sayi jiki na hannu mai lafiya da gilashin 18-55mm, daga baya a ƙara na 50mm. A buɗe littafi a ofis, duk wanda ya karɓa ya sa hannu, idan ya dawo da ita ya sake sa hannu. Mai tambaya ko gyara ya jefa takardarsa a akwatin da ke ƙarƙashin wannan allo. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.