Mu Sayi Kwamfuta Yanzu, Ko Mu Jira Sabuwa?

'Yan'uwa manoma, a rangadin da na yi bayan kaka na halarci taron wata ƙungiyar gama kai, aka kusa yin sa'a biyu a kan magana guda. Ƙungiyar ta sayar da masarar gonar haɗin gwiwa, an biya bashin taki, an ware kuɗin iri, saura ya kai a sayi kwamfutar tebur wadda sakatare ya daɗe yana roƙo. Littattafansa sun kai bakwai, ɗaya gara ta ci gefensa, kowace shekara kuwa sai an yi gardama a kan wa ya karɓi buhu nawa. Har an kusa ɗaga hannu, sai wani saurayi da ya dawo daga makaranta a birni ya miƙe, ya ce, "Baba shugaba, a yi mini gafara. Na ji labari sabon samfuri yana nan tafe, ya fi wannan sauri nesa ba kusa ba. In muka saya yau, nan da 'yan watanni mun zama masu tsohon yayi." Ma'aji, wanda dama ba ya son kuɗi su bar akwati, ya ce lalle yaron nan ya yi magana. Sakatare ya sunkuyar da kai. Aka juyo gare ni.

Abin da na faɗa musu shi zan shimfiɗa a nan, gama na san akwai ƙungiyoyi da dama da ke kan wannan gaɓa.

Da fari dai, saurayin bai yi ƙarya ba. Sabon samfuri yana tafe. Amma yana tafe bara, yana tafe bana, baɗi ma haka. Tun 1965 wani injiniya a Amurka, Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya lura cewa yawan ƙananan sassan da ake iya cusawa cikin ƙwaƙwalwar inji yana ninkawa kowace shekara. A 1975 ya gyara lissafinsa, ya ce kowace shekara biyu. Yau tafiyar ta rage sauri, duk da haka kamfanoni ba su fasa fito da sabon abu kusan kowace shekara ba, domin da haka suke cin abinci. Wanda ya ce sai ya ga na ƙarshe kāna ya saya, zaman jiran gawon shanu yake yi.

Har akwai labarin da 'yan wannan sana'a suke ba juna. A 1981 wani Bature, Adam Osborne, ya fito da kwamfutar da ake iya ɗauka a hannu kamar akwatin keken ɗinki, Osborne 1, ta yi kasuwa ƙwarai. A 1983 sai aka baza labari cewa wadda ta fi ta tana zuwa. Dillalai suka janye odarsu, masu saye suka naɗe hannu suna jira, kaya suka taru a sito. Kafin watan Satumba na shekarar ya ƙare kamfanin ya karye. Akwai waɗansu dalilai kuma, kamar gasar da wani kamfani mai suna Kaypro ya yi masa, amma abin da ya dame ni cikin labarin shi ne masu jiran nan: sun zauna wata da watanni ba su da tsohuwar, kamfanin da suka dogara gare shi kuma ya faɗi.

Wane aiki za ta yi mana?

Wannan ita ce tambayar da ba a yi ba a taron sai da na yi ta. Aikin ƙungiya shi ne sunayen mambobi, kuɗin shiga, adashi, rabon taki da iri, bashi da ranar biyansa, awon hatsin da ya shiga rumbu da wanda ya fita, da wasiƙa zuwa banki ko ofishin gona. Duka wannan jeri ne da tarawa da ɗebewa. To, ku sani tun 1979 aka fito da VisiCalc, manhajar da ke yin irin wannan lissafi na layi-layi a kan kwamfutar Apple II, 'yan kasuwa da manoman Amurka suka riƙa tsare asusunsu da ita. Kwamfutar IBM ta 1981, mafi araharta tana da wurin tunani na kilobait 16 kacal. Wadda za ku tarar a kasuwa yau da gigabait 8 ta ninka wannan fiye da sau dubu ɗari biyar. Saurin da sabon samfuri zai ƙara, masu haɗa fim da masu zanen gini da samari masu wasanni su ne za su ji shi. Sakatarenmu da ke buga suna da yatsa biyu ba zai taɓa sanin bambancin ba. Wanda ke da kadada biyu ba ya ƙin sayen garmar shanu don ya ji ana ƙera sabuwar tarakta a Jamus.

Sa'an nan jira ba kyauta ba ne, ko da yake ma'aji yana ganin kamar kuɗin suna kwance lafiya. Mu da muke riƙe da Naira mun ga abin da ya faru. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen Naira 460 ce. Aka saki farashin, zuwa Fabrairu 2024 ta haura Naira 1,500. Kwamfuta kuwa da dala ake shigo da ita. Ƙungiyar da ta ajiye kuɗinta a farkon 2023 tana jiran sabon samfuri, bayan shekara guda kuɗin nan ba su isa su sayi ko tsohon da ta raina ba. A da ana cewa kayan lantarki kullum sauka suke yi, ka yi haƙuri ka samu da araha. Ba koyaushe ba. A ƙarshen 2025 farashin sashen tunani, wanda 'yan kasuwa ke kira RAM, ya yi tashin gwauron zabi a duniya duka, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. Ba wanda ya shawarci manomi a kan wannan, amma shi ma ya biya.

Akwai kuma hasarar da ba ta shiga littafin ma'aji. Kuɗin da ke zaune a akwati suna da masu neman aro: wannan matarsa ba lafiya, wancan kuɗin makaranta, ga rufin ɗakin taro yana yoyo. Dukansu buƙatu ne na gaskiya, ba mai iya hana su da zuciya ɗaya. Na ga inda kuɗin injin niƙa suka narke ta haka cikin damina guda.

Inda jira yake da amfani

Kada a ce na hana jira sam. Sauri ya haifi nawa. Amma jiran kirki yana da rana, yana da dalili. A watan Yuni 2020 kamfanin Apple da bakinsa ya sanar cewa zai bar ƙwaƙwalwar Intel ya koma tasa, ya ce na farko za su fito kafin ƙarshen shekara, suka kuwa fito a Nuwamba. Wanda ya dakata wata biyar a lokacin ya yi dabara, gama canjin babba ne, mai abin ne ya faɗa, ya kuma sa lokaci. Wannan daban yake da "na ji an ce". Don haka na tambayi saurayin, wane kamfani, wace rana, nawa ne kuɗin, yaushe kuma zai iso kasuwarmu? Ya yi dariya ya ce a waya ya gani. Ban ga laifinsa ba, kishin ƙungiya ne ya sa shi magana.

Jira na biyu mai ma'ana shi ne na wuta. Kwamfutar tebur ba ta da batir a cikinta. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, abin da ba a adana ba ya tafi, in abin ya yawaita kuma injin kansa ya lalace. Ƙungiyar da ba ta da sola ko janareta mai lafiya, ba ta kuma da akwatin batir na ko-ta-kwana da ake kira UPS, to gara ta jira, amma wutar za ta jira, ba sabon samfuri ba. A nan ƙananan nan da ba su fi littafin waƙoƙi girma ba sun fi dacewa da mu. Yawancinsu wat 65 zuwa 90 aka rubuta a jikin na'urar wutarsu, a aikin lissafi kuwa ba sa cin ko rabin haka, ƙaramin sola yana ɗauke da su.

Haɗarin da ya fi kusa da mu

Gaskiyar magana, ban taɓa ganin ƙungiyar ƙauye da ta cutu don ba ta sayi sabon yayi ba. Wadda na gani ita ce wadda ta sayi abin da ya tsufa ƙwarai, don araha. A nan nake so ku buɗe kunne, ko ku yanke wannan shafi ku ba wanda za ku aika kasuwa.

Yawancinmu na hannu za mu saya, watau waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre. Kaya ne masu ƙarko, an yi su domin aikin ofis na yini guda, kayan gyaransu kuma suna samuwa. Amma ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, manhajar da ke tafiyar da mafi yawansu, sai dai ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Ma'anarsa, ba a ƙara toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, ba kowane inji take karɓa ba. Tana bukatar wani makullin tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zuriya ta 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Saboda haka ofisoshin ƙasashen waje suka yi ta zubar da na ƙasa da haka, ina kuwa za su nufa in ba kasuwanninmu ba?

Gane su ba wuya. Mai shago zai ce maka "Core i5 ce" ko "i7 ce", ya tsaya nan, kamar wanda ya ce maka saniya Bunaji ce bai bar ka ka duba haƙoranta ba. Ka sa ya kunna ta ya nuna maka cikakkiyar lambar. In ka ga i5-6500 ko i5-7500, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zuriyar, watau ta 6 da ta 7, ka bar su. In ka ga i5-8500 ko i5-9500, sun shiga. In lambobin biyar ne, kamar i5-10400, ta 10 ce, ta fi. Wani mai shago zai nuna maka Windows 11 tana aiki a kan tsohon inji, gama akwai dabarar da ake cusa ta da ƙarfi. Kada wannan ya ruɗe ka, lambar za ka duba. Ka nemi RAM na gigabait 8 aƙalla. Wajen ajiya kuma ka nemi irin da ba ya juyawa, SSD, gama tsohon faifai mai juyawa shi ne ke sa inji nawa, shi ne kuma ke saurin mutuwa da girgizar mota a hanyoyinmu. A rubuta duk wannan a rasit, da kwanakin da mai shago ya yarda a mayar masa in ta ba da matsala.

In kuwa wani ɗan gari ya ba ku tsohuwa kyauta, kada ku yar. Ana iya sa mata Linux Mint da LibreOffice, dukansu kyauta ne, suna kuwa yin lissafin ƙungiya sarai. Sai dai ku tabbata akwai wanda ya iya su kusa da ku.

Lokacin saye kuma kalandar gona ce za ta faɗa mana, ba ta kamfani ba. Da rani kuɗi suna hannu, sakatare yana da sukuni ya koya, ya kwashe abin da ke cikin littattafai kafin rabon taki. In aka bari sai ruwa ya sauka, kowa yana gona, injin zai zauna cikin kwali har kaka, kwanakin garanti su ƙare ba a ko kunna shi ba. A tanadi mayafi saboda ƙurar hunturu, da ɗan filashi biyu na kwafe aiki, ɗaya wurin sakatare, ɗaya gidan shugaba. Littafin takarda kuma kada a jefar da shi, a ci gaba da sa hannu a cikinsa.

A taron nan, shugabar mata ce ta raba gardamar. Ta ce, "Malam, mu dai abin da muke so, ranar biyan bashi a karanta wa kowa nasa ba a yi rantsuwa ba." Aka ɗaga hannu, aka yarda a saya kafin ƙarshen wata, aka kuma ce saurayin nan shi zai raka ma'aji birni, tun da shi ya fi kowa iya karanta lambobin. Suka dawo da ƙaramar kwamfuta ta hannu mai zuriya ta 9, da allo, da UPS, canjin da ya rage aka sayi tebur da kwado. Da na koma bayan mako shida sun shigar da littafi huɗu cikin bakwai. Wajen shigar da na uku ne suka gano akwai mambobi biyu masu suna ɗaya, da sunan uba ɗaya, shekara biyu ana rubuta bashin buhu uku na ɗayan a kan ɗayan.