Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba: ziyara a gidan sirri na Bletchley Park

Kafin jirgin ƙasa, magudanan ruwan da aka gina da hannu ne hanyar fataken Ingila. Dawaki ke jan jiragen kwal daga bakin gaɓa. Yau masu hutu ke hayar jiragen. Faɗin namu bai wuce mita 2 sosai ba, gudunsa kamar kilomita 6 a awa, ga gado ga murhu a ciki. Mun bi magudanar Grand Union muka ɗaure a Fenny Stratford, muka taka zuwa Bletchley Park, kimanin kilomita 80 daga Landan.

A yaƙin duniya na biyu, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun riƙa nutsar da jiragen da ke kawo wa Ingila cimaka, har sukari da nama suka koma sai da kati. Umarnin sojan Jamus kuwa da zaurance yake tafiya, zaurancen wata na'ura mai suna Enigma wadda ke musanya haruffa, ana sake mata tsari kullum.

Masana lissafi na Polan ne suka fara gano kanta a 1932, suka damƙa wa Ingila da Faransa iliminsu a 1939. Alan Turing da Gordon Welchman suka ɗora, suka tsara na'urar Bombe mai lalubo tsarin ranar. Sun kama Enigma ta inda ta gaza: ba ta taɓa barin harafi ya fito a matsayin kansa, kuma rahoton yanayi kusan da kalmomi ɗaya ake aika shi kowace safiya. Da aka san inda maharan suke, sai a kauce da ayarin jiragen kaya.

Ƴan uwa mata, ga naku: a farkon 1945 ma'aikatan sun kusa 9,000, kuma kashi uku cikin huɗu mata ne, masu juya na'urori dare da rana. Kowa ya sa hannu kan alkawarin kama baki. Wasu har mazajensu ba su sani ba, sai da asirin ya fito fili a 1974.

Mun ga ɗakunan katakon da suka yi aiki a ciki, da ofishin Turing. A gidan tarihin kwamfuta da ke maƙwabtaka, mai tikitinsa daban, an sake gina Colossus ta 1944, ɗaya daga cikin kakannin kwamfuta.

Abin lura ga mai ajiyar kuɗi a salula shi ne, sakaci da maimaita abu ɗaya sun taimaka wajen tona asirin Jamus. Wanda ya sa shekarar haihuwarsa ta zama lambar sirrinsa ya bar makulli a jikin ƙofar shago.