2.3 Haɗuwar Cututtukan Bairos a Shukar Sitiroberi

A wannan sashe za a yi bayanin yadda cututtukan bairos ke karya gonar sitiroberi ta kasuwanci. Masana sun fi mayar da hankali kan guda huɗu, wato mai sa dabbare-dabbaren ganye, da mai sa ganye ya yamutse, da mai sa bakin ganye ya yi rawaya, sai mai canza launin jijiyoyin ganye. Ƙwarin darɓa ne ke yaɗa dukkansu yayin da suke tsotsar ruwan shuka.

Abin lura a nan shi ne, idan cuta ɗaya ce ta kama shuka, sau da yawa ba a ganin wata alama. Sai biyu ko fiye sun haɗu sannan shukar ta tsumbure, 'ya'yanta su ƙanƙance. Tun da kuwa da yaɗo ake dashen sitiroberi, ba da ƙwayar iri ba, uwa mai cuta takan gadar wa duk abin da aka yanko daga jikinta. Haka ya faru a shekarar 2012 a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, inda biyu daga cikin cututtukan suka haɗu a gonakin renon dashe, aka kuma sayar da dashen har Amurka.

Feshi ba ya warkar da shukar da ta riga ta kamu, darɓar kawai yake ragewa. Saboda haka manomi yakan tumɓuke ta, ya nemi dashen da aka tantance a ɗakin gwaje-gwaje.