Birnin Kano: Tarihin da Muke Takawa Ba Mu Sani Ba

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Ɗan Agundi ya nufi Kabuga yana tafe ne a gindin ginin da ya girmi kusan komai a garin. Amma tsayar da mutum goma ka tambaye su mene ne wancan tudun jar ƙasa da awaki ke hawa, da wuya rabinsu su ce maka komai bayan "ai badala ce". Wa ya gina ta, da me, kuma ina aka samo ƙasar? A nan hira take tsayawa.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka sake ƙara mata faɗi a ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. An haɗa da gonaki da makiyaya da duwatsun Dala da Goron Dutse, domin in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya mutane su ci gaba da noma a ciki. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa babu gini. Unguwannin da suka cika yammacin birni yau, da yawansu gonakin dawa ne a da.

Ƙofofin ma ba sa'o'in juna ba ne. Kowace tsohuwar ƙofa tana da sarkin ƙofa, a da ana rufe ta in dare ya yi, kuma an gina ta da ƙunci da gangan, yadda mahaya ba za su afko a tare ba. Ta wajen Ƙofar Kabuga sojojin Ingila suka shigo a watan Fabrairu na 1903, Sarki Alu ba ya gari. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo kuwa a zamanin Turawa aka huda su, ba sa cikin na asali. Sauran da muke ratsawa da mota yanzu, galibinsu siminti ne aka yi wa fentin ƙasa. Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe tsohon gininta don faɗaɗa hanya. Mai son ganin ƙyauren ƙofa na gaske sai ya je Gidan Makama, inda aka adana wasu.

To, ina ƙasar ta fito? Wannan ce ta kawo mu ga abin da aka fi rainawa a birni, wato kududdufi. Yau da an ambace shi sai a tuna wari da sauro da leda. Alhali kowane kududdufi shaida ce ta ginin da ke kusa da shi. Magina sukan haƙo ƙasa, su jiƙa ta, su zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu. Daga nan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. In ya bushe a jera shi a tsaye, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a ɗora azara ta giginya wadda gara ba ta cika damunta ba, a yi yaɓe da makuba, a fitar da indararo don ruwan rufi ya zuba nesa da bango. Soro ya tashi sama, rami ya rage a ƙasa. Ganuwa ma haka: ramin da aka ɗebi ƙasarta shi ya zama gwalalon da ke bayanta, kariya ta biyu ke nan.

Ramukan nan ba zaman banza suke yi ba. Birnin da ba shi da manyan magudanai, su ne ke shanye ruwan damina kafin ya shiga ɗakunan mutane, su kuma riƙe shi ya tsatsafa ƙasa ya ciyar da rijiyoyin unguwa. Yanzu ana cike su da shara, a yanka filoti, a kafa shaguna. Ruwa kuwa bai san an sayar da wurin ba; in Agusta ta zo, inda ya saba sauka nan yake nema. A ganina, wanda ya cike kududdufi bai tanadi wata hanyar ruwa ba, ya ɗauki alhakin maƙwabtansa. Ba ina cewa a bar su cikin ƙazanta ba ne, yashewa da killacewa daban, binnewa daban. Ita ma Jakara, wadda Kasuwar Kurmi ta kafu a gefenta tun zamanin Rumfa, an rufe wani sashe nata da kankare an shimfiɗa titi a kai, har yaro mai tasowa zai iya bi ta kanta a adaidaita sahu bai san akwai rafi a ƙarƙashinsa ba.

Ko marinar Ƙofar Mata, da allonta ke cewa an kafa ta a 1498, tana da alaƙa da gini. Katsin da ake kwashewa daga ƙasan rijiyar baba ba a zubar da shi. Ana ƙona shi a daka, a haɗa da gashin awaki daga majema da ruwan dafara, a sami laso, wanda ake shafe rufin soro da cikin rijiyoyin rinin da shi don kada ruwa ya ratsa. Marini da majemi da magini, kowa na cin sharar ɗan'uwansa.

Sai sunayen unguwanni, waɗanda su ne rajistar baƙin da suka gina garin. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa: kowanne yana faɗin daga ina mutanensa na farko suka taso. Madabo tana da alaƙa da malaman Wangarawa da suka zo daga Mali, Sharifai kuma da zuri'ar Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Rumfa. Dandalin Turawa kan ruɗi mutane. Ba Turawan Ingila ake nufi ba. Fataken Larabawa ne daga Tarabulus da Gadamas, waɗanda aka san su da wannan suna tun kafin Nasara ya iso. Alfindiki ma masaukin irin waɗannan fatake ne. Soron Ɗinki da Dukawa kuwa sana'a suka ɗauko. Duk mai cewa Kano ta ƙabila ɗaya ce, ya zaga lungunan nan ya karanta allunan masallatai da makarantun allo.

A wajen ganuwa, a Nassarawa, akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ginin ƙasa ne mai zankwaye, kuma yana nan tsaye saboda dalili ɗaya: ana kula da yaɓensa. Ginin ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, sakaci ne.

Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma ana ci gaba da ɗibar ƙasarta ana gini a kanta. Kira ga masarauta da gwamnati da masu unguwanni: a shata iyakar abin da ya rage na badala da kududdufai, a hana yanka su. Malaman makaranta kuma su riƙa fita da yara su zaga unguwarsu da ƙafa, a nemi dattijon da ya san wa ya haƙa ramin bayan gida ya yi musu bayani tun yana da rai.