Kuɗin Ƙaura Ba Albashi Ba Ne

A watan Disamba na 2017 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan babbar dokar rage haraji ta Amurka, kuma a cikinta akwai wani ɗan sashe da bai ja hankalin jama'a ba. Kafin wannan doka, ma'aikacin da sabon wurin aiki ya ƙara masa nisan mil 50 ko fiye daga tsohon gidansa yana iya cire kuɗin ƙaura daga abin da za a yanka masa haraji a kai, kuma in kamfani ne ya biya, ba a haɗa shi da albashi. Daga 2018 aka dakatar da wannan rangwame ga kowa, in ban da sojojin da aka ba umarnin canjin wurin aiki. An ce zuwa ƙarshen 2025 ne kawai, sai ga dokar watan Yulin 2025 ta mai da shi na dindindin. A ganina wannan kuskure ne, kuma ya dace mu san dalili kafin wani ya kwaikwaya.

Harajin samu ana ɗora shi ne a kan abin da ya ƙaru a aljihun mutum. To, me ya ƙaru a aljihun wanda aka yi wa canjin gari? Ga katifu an ɗaure da igiya a saman babbar mota, ga tukwane cikin kwalaye, ga yara an raba su da makarantarsu ana tsakiyar zango. Kuɗin da kamfani ya bayar ya bi ta hannunsa ne ya zarce wurin mai mota, ko kwana bai yi ba. A ce ƙaurar ta ci dala 10,000. A Amurka akan cire kashi 22 cikin ɗari daga irin wannan biyan na daban da albashi, wato dala 2,200 za ta fita daga guminsa saboda ya bi umarnin maigidansa. Manyan kamfanoni kan ƙara wa ma'aikaci kuɗi don cike giɓin, amma ƙarin shi ma sai an yanka masa haraji, ƙananan kuwa ba su da wannan ƙarfin. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a ƙasar dai, wanda aka tura wani gari ya yi aikin mako biyu ya dawo, kuɗin jirginsa da na masaukinsa ba su da haraji muddin ya kawo rasit. Keɓe sojoji da aka yi ma shaida ce cewa masu dokar sun san ƙaurar dole ba riba ba ce.

Masu goyon bayan dokar suna da hujja mai nauyi: in aka bar ƙofa a buɗe, kamfanoni za su riƙa ɓoye albashi da sunan alawus na ƙaura. Wannan gaskiya ne, ana yi. Sai dai maganinsa rasit ne da iyaka, kamar yadda Ingila ta tsara, inda kuɗin ƙaura har fam 8,000 ba shi da haraji, abin da ya haura kuma a lissafa shi cikin samu. Aibin tsarin Ingila guda ne: tun 1993 adadin yake a nan bai motsa ba, alhali tsadar kaya ta cinye darajarsa. Iyakar da ba ta tafiya da farashi, a hankali soke rangwamen take yi. Wasu kuma kan ce ai ma'aikacin ya ci moriyar ƙaurar, tunda sau da yawa da ƙarin girma take zuwa. In haka ne, ƙarin albashin nan ana cire masa haraji kowane wata, ba sai an sake kama shi a kan kuɗin mota ba.

A Najeriya, dokar harajin samun mutane ta 1993 ta bi hanyar da ta dace, domin ta keɓe kuɗin ƙaura daidai gwargwado da kuɗin da aka mayar wa ma'aikaci na hidimar aiki, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya sun san alawus na kwana 28 da ake ba wanda aka canza wa gari. Yanzu da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026, ina kira ga hukumomin tara kuɗin shiga na jihohi, waɗanda harajin albashi ke hannunsu, da su fayyace wa kamfanoni a rubuce irin takardun da suke bukata. Wanda ya kawo rasit na gaskiya daga Kano zuwa Fatakwal, a bar masa kuɗinsa cif.