Lissafin Kwanakin Haila da Shigar Ciki

Mutane da yawa suna zaton ciki yana iya shiga a kowace rana ta tsarki, in kuwa aka daɗe bai shiga ba sai a ce matar juya ce. Al'amarin ba haka yake ba. A kowane zagaye na haila, kwanakin da ciki ke iya shiga ba su wuce 6 ba.

Ana fara ƙirga zagayen ne daga ranar farko da aka ga jini, ba daga ranar wankan tsarki ba. Tun jinin bai ɗauke ba, wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yakan saki sinadari cikin jini, wanda ke sa ƙwai su soma nuna a ma'ajiyarsu biyu, ɗaya a daman mahaifa, ɗaya a hagunta. Galibi guda ne ke ƙosawa. Yana cikin ƙosawa, mahaifa tana sabunta shimfiɗarta, tana ƙara mata kauri. Sa'an nan ƙwan ya fito, ya shiga bututun da ke kaiwa mahaifa. Kwanansa gajere ne ƙwarai, don in bai gamu da maniyyi cikin awa 24 ba, ya lalace. Ƙwayoyin maniyyi kuwa suna iya yin kwana 5 da rai a jikin mace suna jira. Watau kwanakin nan shida su ne biyar ɗin da ke gaban fitar ƙwan, da ita ranar fitar.

To, yaushe ƙwan ke fita? A shekarun 1920 likitoci biyu, Ogino a Japan da Knaus a Austiriya, kowa da nasa bincike, suka gano cewa yana fita ne wajen kwana 14 kafin haila mai zuwa, domin in ciki bai shiga ba, kimanin mako biyu shimfiɗar ke yi kafin ta zube. Nan ne ake yawan kuskure. Mai zagayen kwana 28 ƙwanta na fita wajen rana ta 14, amma mai kwana 35, wadda ita ma lafiyarta ƙalau, sai wajen rana ta 21.

Alal misali, direban babbar mota ko falke da ke kwana uku a gida duk wata yana iya shekara bai dace da kwanakin nan ba. Shi ya sa likita kan fara da tambayar tsawon zagayen matar da lokacin da maigida ke gida, kuma ya nemi a auna maniyyin mijin, tun da sau da yawa matsalar daga wajensa take.